Yadda Kara Ta Cinye Jar Motar Taubashina

Na ga abubuwa da yawa a yawon da na yi, wasu sun shige, wasu sai an tuna mini. Amma abin da ya sami jar motar taubashina tsakanin Kankiya da Kusada, ko tsufa ya kwashe mini komai ba na jin zai iya kwashe wannan. Na yi fatauci a Abijan da Lome, na zauna a Jidda da Khartum, na kuma yi wasu shekaru a Jamus ina harkar loda tsofaffin motoci a jirgin ruwa. Duk inda na je na ga yadda mota ke mutuwa: wata hatsari, wata tsufa, wata rashin kula. A garinmu kaɗai na ga motar da girmama juna ya kashe.

Taubashin nan nawa ɗan gwaggona ne, don haka a wasanmu bawana ne, ko da yake har yau bai yarda ba. Mutumin Kusada ne, aiki ya kawo shi Kankiya, ya yi shekarunsa a sakatariyar ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Tun da na san shi ban taɓa jin “a’a” ta fito daga bakinsa ba. Yana da wata tsohuwar mota doguwa mai layin kujeru uku, wadda sunansa ne a takardunta amma ta unguwa ce. Mai naƙuda, shi. Gaisuwar mutuwa a Sukuntuni, shi. Buhunan geron wani da ke jibge a Fakuwa, shi. Kuma ba motar kaɗai ake ara ba, har da direban, wai don kada wani ya tuƙa ya ɓata masa ita. Tausaya masa ake yi ke nan.

A haka hawan jini ya kama shi, baya ma ya riƙe. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in bai bar wannan zirga-zirga ba, wata rana a cikin motar za a ciro shi. Abin ya tsorata shi ƙwarai, amma tsoron mutuwa bai kai tsoron kallon idon maƙwabci ya ce ba zai je ba.

Wata rana da hantsi sai ga shi a zaurena yana murmushi, ya miƙo mini waya. Hoton wata mota ce ja, gajeruwa, ta kwanta ƙasa kamar ƙadangare yana shan rana.

Ya ce, “Kai ɗan yawon duniya, kujera nawa ka gani?”

Na ce, “Biyu.”

Ya ce, “To, ɗaya tawa, ɗaya taka. Duk wanda ya zo, ba sai na ce masa komai ba. Ya leƙa da idonsa ya gani.”

Na yi dariya har na ƙware. A Jamus masu shekarunmu ne ke sayen irin wannan mota don su ji kamar ƙuruciya ta dawo. A Jidda samari ke sayenta don ƙara. Bawana ne mutum na farko da na gani zai saye ta don ya ɓuya.

Ya sayar da doguwar, muka nufi Kwatano tare, tunda ni ke jin Faransanci. Dillalin ya dube mu, dattawa biyu da manyan riguna, ya tambaye ni ko jikanmu za mu saya wa. Da na fassara, taubashina ya ce in gaya masa shi ne jikan. Sai da ya cire hula, ya tattare riga, ya shiga da baya kamar mai sauka rijiya, sannan ya samu zama. Dillalin ya nuna mana cewa injinta a baya yake, ya kuma ja mini kunne har sau biyu: kada wanda bai san irinta ba ya taɓa ta.

Dabarar ta yi aiki, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ranar da muka iso, unguwa ta fito. Wata dattijuwa da ta saba a kai ta asibiti ta zagaya motar, ta leƙa ta taga, ta ce, “Alhaji, ina sauran?” Ya ce haka aka ƙera ta. Ta ce, “Allah sarki, cutarka aka yi.” Masu zuwa da sassafe suka riƙa zuwa su tarar da ni a kujerar gefe, na harɗe, su gaisa su juya. Aikina ke nan, gadin kujera. Cikin ’yan makonni mutumin nan ya yi kumatu, ya koma barcin rana, likita ma ya rage masa magani. Matarsa, wadda duk muke kira Hajiya, ta ce rabon da ta ga ya ci tuwon dare da zafinsa tun suna gidan haya.

Da damina ta kankama aka yi haihuwa a danginsu, muka kama hanyar Kusada zuwa suna. Ba mu yi nisa da Kankiya ba muka tarar ruwa ya zaizaye wani wuri. Motar da aka ƙera don titin da ya fi faranti santsi, cikinta ya daki dutse. Muka ji ƙwas, allurar zafi ta fara hawa, tururi ya taso a bayanmu. Na ce ya kashe, ya kashe nan take. Wani manomi da ya taso daga huɗa da shanunsa ya tsaya ya dube mu, ya ce, “Alhazai, mi ya samu ƙwaron naku?” Shi ya ɗaura mata igiya. Haka muka koma gari, bijimai biyu na jan motar da aka ce ta fi iska gudu, taubashina na riƙe da sitiyari yana amsa gaisuwar masu keke da ke wuce mu.

Inda hanyar ta faɗa babban titin Kano zuwa Katsina, nan garejin wan Hajiya yake. Babban bakanike ne, kuma a motocin haya da a-kori-kura ban san wanda ya fi shi ba a yankin. Maƙwabcinsa wani ɗan kudu ne mai shagon kayan mota, wanda ya daɗe a garin har Katsinanci ya kama bakinsa. Nan manomin ya kwance shanunsa, ɗan kudun ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ce mana a hankali tiyon ruwa ne ya fashe, mu kira janwe a kai ta Kano wurin masu na’urar duba irinta. Ni ma abin da ke bakina ke nan. Har na ciro waya, sai ga wan Hajiya ya fito yana goge hannu.

Ya ce, “Subhanallahi! Alhaji, sannu. Ai ka iso gida. A shigo da ita mana, ina raye a ce motar gidanmu ta tsaya a titi?”

Taubashina ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, “To, Yaya. Allah ya bar zumunci.”

Na ja shi gefe na ce, “Kai bawa, ba Kano muka ce ba?”

Ya ce, “Rufa mini asiri. Da wane bakin zan gaya wa wan matata bai iya ba?”

A Jamus na taɓa kai mota wurin wani bakanike, ya ɗaga bonet, ya rufe, ya ce wannan ba tasa ba ce, ya rubuta mini inda zan je, ko ruwa bai ba ni ba. A lokacin na ce wannan mutum ba shi da tarbiyya. A garejin Kankiya kuwa an shimfiɗa mana tabarma, an kawo fura mai sanyi, aka kuma fara kwance mota.

Tiyon kam an canja shi a ranar. Amma Yaya ya ce tunda an buɗe, gara a gyara ta gaba ɗaya ta dace da ƙasarmu. Ya ciro wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ke tsare hanyar ruwa har inji ya ɗumama, ya ce wannan na ƙasar sanyi ne. Ya haɗa fanka kai tsaye don ta riƙa juyawa ba tsayawa. Ya ga wasu wayoyi da bai ga amfaninsu ba, ya rage su. Duk abin da aka cire sai a jefa a wani daro, wai Turawa sun cika mata tarkace. Motar kuwa irin mai ƙwaƙwalwar nan ce da ke lissafin kowace waya a jikinta. Da ta nemi ’yan’uwanta ta rasa, sai ta ƙi tashi. Aka yi mata dabara ta tashi dole. Aka fita gwaji, ta yi gudu mai kyau har gaban tasha, sannan ta yi wata ƙara kamar an zubar da kwanuka, injin ya buga.

Daga nan abin ya zama jinya. Mutane suka fara zuwa jaje, kuma ka san mu, ba ma zuwa dubiya hannu biyu, kowa da maganin da ya sani. Wannan ya zo da mai gyaran wutar mota da ya taɓa yi masa aiki. Wancan ya zo da ƙanen matarsa mai gyaran injin ban ruwa. Baffan taubashina, wani tsoho mai faɗa a ji a danginsu, ya taso takanas daga Kusada da mai gyaran injin niƙa.

Ya ce, “Wanga yaro, in ya taɓa inji sai ya yi magana. Inji ai inji ne.”

Taubashina ya ce, “Haka ne, Baffa.”

Yaya ma ba zai hana baƙon da babba ya kawo ba. Kowa aka kawo sai a ba shi sifana ya sa albarka. Daron nan ya cika, aka samo na biyu. Mai shayi ya ga jama’a ba ta yankewa, ya matso da teburinsa. Aka samu majalisa sabuwa, inda ake tattauna siyasa da farashin taki a jingine da jar mota. Akwai mutanen da na tabbata da an gyara ta a lokacin, da sun ji haushi.

Damina ta wuce, aka yi girbi, aka kai amfani gida, mota na nan a kan duwatsu ba tayoyi. Taubashina kullum yana kan benci a garejin, yana yi wa masu ɓata masa mota sannu da aiki. Kumatun suka zube, likita ya mayar da maganin da ya rage, ya ƙara wani. In ya tambayi yaushe, sai a ce an kusa. Larabawan Khartum ma sun iya cewa gobe, mutanen Abijan sun iya cewa ka dawo an jima, amma su in sun faɗa ka san korarka ake yi. Namu “an kusa” da zuciya ɗaya ake faɗinsa, shi ya sa ya fi cin rai.

Na kira dillalin Kwatano in nemi shawara, ya ce in turo masa hoton injin. Na tura. Da ya gani, ya tambaye ni cikin ladabi ko mutum nawa suka rasu a hatsarin.

Ana cikin haka mai shagon kayan mota ya kawo labari mai daɗi. Wani ɗan’uwansa a Legas ya samo inji sukutum irin nata, da wayoyinsa da komai, kuma akwai wanda zai ɗora shi a Kano. Abu ɗaya ya rage: taubashina ya buɗe baki ya ce wa Yaya zai ɗauke motarsa. Na ce to, wannan sai an yi bita. Na zaunar da shi a zaurena na ce ni ne Yaya, ya faɗa mini.

Ya gyara zama ya ce, “Yaya, dama cewa na yi, ko da hali, in ba damuwa, ba wai don wani abu ba...”

Na kumbura murya na ce, “Alhaji, wani laifin muka yi?”

Ya ce, “Wallahi babu, Yaya, a ci gaba da aiki.”

Na ce, “Kai, ni ne fa! Ni ɗin ma ka kasa?”

Ya ce, “To ai ka yi kama da shi da yawa.”

Muka yi ta yi har ya iya jera maganar ba tare da ya nemi gafara a tsakiya ba. Washegari muka tafi, yana ta maimaitawa a hanya kamar mai zuwa biya hadda. Muna isa Yaya ya tarye mu da fara’a, ya ce dama yana shirin aikawa a kira mu. Ya ja mu bayan gareji, ya yaye wani buhu. Inji ne na a-kori-kura, an wanke shi yana ƙyalli.

Ya ce, “Alhaji, na ga wahalar ta yi yawa. Wannan daga aljihuna na saya, kyauta na ba ka. Shi na san shi kamar tafin hannuna, ko ruwan kwata ka zuba masa zai tafi.”

Na zunguri taubashina. Ya buɗe baki, na ga maganar da muka sha wahala a kanta ta taso har maƙogwaro, ta tsaya, ta koma. Idonsa ya kawo ruwa, ya kama hannun Yaya da hannu biyu ya ce, “Allah ya saka da alheri.” Kyautar suruki, a gaban jama’a. Ni kaina da nake cika baki, ban san yadda ake mayar da ita ba.

Sauran abin ya bi da kansa, kowane mataki da hujjarsa. Sabon injin bai shiga mazaunin baya ba, sai aka kira mai walda ya yanka gaba aka dasa shi can, aka yi wa bonet ƙusumbi. Nauyi ya danne ta, sai aka sa mata sifirin na motar haya, ta ɗaga sama, aka ce yanzu ta fi ƙarfin hanyar Kusada. Baya ya zama fili. Baffa ya zo duba aiki, ya leƙa ramin, ya ce, “Wanga wuri haka za a bar shi banza? A sa benci mana, ko mutum huɗu sa zamna.” Aka yanke rufin baya aka sa benci biyu suna kallon juna. Wani ya ce rana za ta dami na baya, aka yi rumfa. Da aka yi rumfa, aka ga ai samanta zai ɗauki kaya, aka yi mata kariyar ɗora kaya. A kowane mataki ana juyowa a tambayi mai mota, shi kuma yana cewa to.

Ranar da aka gama, gab da faɗuwar wata daminar, garejin ya cika. Ta tashi bugu ɗaya, da ƙara irin ta motar itace. Ana ta yi wa taubashina barka, ni kuwa na koma gefe kusa da Yaya, na ga ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Na ce, “Malam, sannu da ƙoƙari.”

Ya ce, “Alhaji, bari kawai. Motar nan ta hana ni barci, ta kore mini masu kawo aiki. Ni tun ranar farko da na leƙa na san ba tawa ba ce.”

Na ce, “To, me ya sa ka ce a shigo da ita?”

Ya dube ni da mamaki ya ce, “Tayi fa na yi! Mijin ƙanwata ya lalace a ƙofar garejina, in yi shiru? Na ɗauka zai ce a’a Yaya, na gode, Kano za mu. Da na taya shi kiran janwe ma. Sai na ji ya ce to. Kullum ina jira ya zo ya ce zai ɗauke ta, shi kuma kullum sai ya zo ya yi mini sannu. In ce masa ya kwashe motarsa, ai na kore shi ke nan.”

Ban san lokacin da na zauna a kan wata tsohuwar taya ba. Tayi irin na mai cin abinci da ya ga baƙo ya ce bismilla, yana jiran a ce alhamdu lillahi. Mutum biyu masu mutunci, kowa na tsaye yana jiran ɗan’uwansa ya fara, har mota ta narke a tsakaninsu.

Kafin in farfaɗo, Baffa ya riga ya shige gaba. Dattijuwar nan ta asibiti ta hau benci da jikokinta, tana cewa yanzu ta ga mota. Wani ya ɗora buhun taki biyu a sama, tunda dai hanya ce. Taubashina ya cire hula, ya shiga, ya ja su zuwa Kusada.

Da yamma da ya dawo, ya zo zaurena yana dafe da baya, na kwashe duk abin da Yaya ya ce na gaya masa. Ya zuba mini ido har na fara tsoron jininsa. Can sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har hawaye. Da ya natsa ya share ido, ya matso kusa, ya rage murya.

Ya ce, “Don Allah kada ka bari Yaya ya san na ji. Zai ji kunya.”

Har yau shi ne direban unguwa, da maganinsa a aljihun gaba, sai dai ’ya’yansa sun sa baki sun ɗaukar masa mai karɓarsa tuƙi in tafiyar da nisa. Su ba su gaji halin ba.

Ni dai ba zan zagi kara ba. Na zauna a ƙasashen da ba su da ita, na san yadda mutum ke ji in ya yi rashin lafiya a ɗaki babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. Amma na koyi cewa tana da wurinta. A kan tabarma da akushi ado ce, a gaban inji da gaban likita kuwa ɓarna take yi, don ƙarfe bai san suruki ba, jini ma haka. Na kuma koyi cewa babu abin da mutum zai saya a kasuwa ya riƙa ƙin mutane a madadinsa. Tun daga lokacin, in aka yi mini tayi sai in dubi idon mai yin, in kuma ni na yi, nakan ƙara da cewa, “In ba ka so ka faɗa, wallahi ba zan ji haushi ba.” Mutane suna cewa zama cikin Turawa ne ya ɓata ni. Ba Turawa ba ne, wata jar mota ce.